Saude, Sun Yi Wa Hotonki Fenti

Zuwa ga Sista Saudatu, uwar 'ya'yana, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwanci ya yalwata, haske ya wadata. In kin tambaye mu, muna nan lafiya a Gyadi-Gyadi, ban da gwiwata ta hagu da ta daina jin magana tun da babu mai yi mata tsawa.

Na san za ki ce yaushe Tela ya fara rubuta wasiƙa, mutumin da ya bar makaranta a aji huɗu, shi ma don malamin ne ya gaji, ba don shi ya ƙoshi ba. To, autarki Rabi ce ke bin bayana tana gyara baƙaƙen. Ta ce in dai jarida za a kai a buga, ba za ta bari in kunyata ta ba. Saboda haka inda kika ga ya yi kyau nata ne, inda kika ga kwaɓa tawa ce. Masu leƙen wasiƙar mutane kuma bismillah, da ma don su ji na rubuta.

Labari na zo miki da shi, irin mai tayar da zuciya. Ke da kika sha kwasar amai da hannunki ba ki taɓa yamutsa fuska ba, wannan da kin gani sai kin tofar da yawu.

Soja sun koma bariki, Saude, siyasa ta dawo. Ba ki ga bangon unguwa ba. Daga nan har Unguwa Uku babu inda ba a manna fuskar wani ba. Har ƙofar shagona an liƙa min wani mai murmushi, haƙoransa sun fi na zif yawa. Kowa ya zama mai tausayin talaka, kowa ya zama na Allah. Masu zanen alluna su ne suka more, don duk ɗan takarar da ya shiga hannunsu sai ya fito fari, kumatu cike, idanu kamar bai taɓa yin ƙarya ba.

Ana cikin haka wata doguwar mota ta shigo layinmu, ta toshe hanya har mai kalanzir ya rasa inda zai bi da kurarsa. Wa zan gani ta fito? Balaraba. Balarabarku ta makarantar koyon jinya, wadda kika ce ba ta taɓa ɗaukar fo na majinyaci ba sai ta ɗaure hanci da ɗankwali, wadda ta ajiye aikin tun kafin takalminta na farko ya tsufa. Yanzu Hajiya ce, maigidanta ya ci zaɓen majalisa. Duk tsawon jinyarki ba ta tako gidan nan ba, ranar rasuwarki direba ta aiko ya yi mana gaisuwa. Amma sai ga ta a tsakar gidanmu tana share hawaye da bakin mayafi, a hankali, don kada kwalli ya ɓaci.

Ta ce, “Malam Isa, 'yan ajinmu za mu yi taron tuna baya, shekara ashirin da biyar da gamawa. Za mu karrama marigayiya. Ka ba mu hotonta na makaranta a sake ɗauka a faɗaɗa shi, naka zai dawo maka yadda yake.”

Kin san hoton da take nufi, tun da shi kaɗai ne. Wanda aka ɗauke ki ranar da aka ɗora muku hula. Farar riga mai gajeren hannu, agogo maƙale a ƙirji, hannuwanki biyu ɗaya kan ɗaya a gabanki, kina hararar mai hoto don ya ce ki yi murmushi. Sauran hotunanki duk na biki ne, kin naɗe cikin mayafi a bayan mutane, sai an nuna ki da yatsa. Wannan ne kaɗai ke da aikinki kuke tare.

Rabi ta ja ni gefe ta ce, “Baba, kar ka ba ta.” Tun da kika tafi, kullum kafin ta fita sai ta tsaya gaban hoton nan ta gyara ɗankwali, kamar madubi. Ni kuwa, gwanin iya magana, na ce haba Auta, manyan mutane ne, masu ilimi, ba irina ba, me za su yi da hoton uwarki, miya? Na cire shi daga ƙusa da hannuna, na goge ƙurar da hannun rigata, na miƙa. Har da rakiya zuwa mota.

Da aka bar ni da ƙusa a bango sai tunani ya taso.

Rigar da ke jikin hoton nan ni na ɗinka ta, in ba ki manta ba. Kin shigo shago da farin yadi, kina ɗaliba, kika ce aljihu biyu kike so, masu zurfi, wanda almakashi ba zai faɗo ba in kin sunkuya. Na yi miki guda uku don neman suna. Kika dawo kika ce, “Tela, na ukun na zuba surutunka ne?” Daga ranar na san na shiga uku, kuma ban nemi fita ba.

Hular kuma, bayan aurenmu, ta zama aikina. Ke kin iya allura, kin iya karɓar haihuwa, amma sitaci ya gagare ki, kullum sai ya yi miki gudaji. Ni ke dama shi, in tsoma hular, in shimfiɗa ta a bayan farantin tangaran in bi da tafin hannu har iska ta fita, in kai rana. In ta bushe sai ta ɓalle da kanta, ƙyam kamar kwali, in naɗe ta in sa fil. Abokan zamana a bakin shago suka sa min Mijin Nas. Wai matata na fita ni ina wanki. Na ce ƙwarai, kuma ranar da basir ya tasar muku Mijin Nas za ku yi wa sallama. Haka kuwa aka yi, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunkuyar da kai.

Ba ni kaɗai na sha ba, ke kin fi ni sha. Kin tuna Sallar farko a gidan nan, da kika yi tuwon shinkafa da miyar taushe kika rarraba wa maƙwabta? Da la'asar muka leƙa ta katanga muka ga akuyar gidan baya da kanta cikin kwanonki. Wai hannun da ke taɓa jini da bayan gida da gawa ba a cin abincinsa. Ni na fusata zan fita, kika riƙe min riga kika ce, “Bar su, Tela. Akuyar ai ta yaba.” Kwana kaɗan matar gidan ta shigo da ɗanta, ƙafa ta kumbura tana ruwa, ƙuda na bi. Hannun nan da ta ƙi ci daga gare shi, shi ya wanke ƙafar har yaron ya taka.

Ina kallonki ranar, kamar yadda na sha kallonki. Kin buɗe ƙaramin akwatin ƙarfenki, auduga da sifirit da bandeji. Uwar ta ce a dirje wurin sosai ya fita. Kika ce, “Ba a dirzar ciwo. Dangwalawa ake yi, daga tsakiya zuwa baki, kuma audugar da ta taɓa sau ɗaya ba ta komawa.” Rabi ta taso tana jin wannan magana kamar karatun allo, don duk wanda ya zo sai kin maimaita masa.

Sai damunar nan ta amai da gudawa, da aka cika ɗakin majinyata har aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Masu hanya duk suka nemi canjin wuri. Ke da Sista Rifkatu, ƙawarki 'yar Kudancin Kaduna da ke zaune a Tarauni, ku kuka tsaya. Kina dawowa gida ki tuɓe takalmi a zaure, ki hana yara taɓa ki sai kin yi wanka. Hannuwanki suka tsattsage saboda ruwan magani, ni ke shafa miki man kaɗanya, ina tsokanarki cewa na auri mace na samu kada. Ba ki taɓa cewa kin gaji da mutane ba. Abin da kike gaya wa ƙananan nas-nas kawai, “Wanda ke kwance ba ya jin kunyar Allah, kunyarki yake ji. Ki yi sauri ki rufe shi.”

To, wannan matar suka ce za su karrama.

Ranar taro Rabi ta ce ba za ta ba. Na sa babbar rigata ta Juma'a, na hau acaɓa har wani ɗakin taro a Tarauni. Saude, kin ga anko? Leshi iri ɗaya, ɗauri kamar za a tashi sama. Turare kuwa ya yi yawa har ya koma wari. A bakin ƙofa ana raba robobi da kalanda, kuma a jikin kowanne ba hoton makarantarku ba ne, hoton maigidan Balaraba ne. Maroƙa sun fi nas-nas yawa. Mai gabatarwa na kiran 'yan ajinku ɗaya-ɗaya, ba da inda suka yi aiki ba, da muƙamin mazajensu. Na ce a raina, da kina nan da an kira ki matar mai keken ɗinki, a tafa miki a hankali.

Na duba ban ga Rifkatu ba sai can baya, wajen kulolin abinci. Daga aikin safe ta wuto, da fararen kayanta, ba ta samu ta canza ba. Wata yarinya mai kula da baƙi ta ɗauka cikin masu hidima take, ta miƙa mata ludayi. Ita kuma, kin san ta, ta karɓa tana zuba wa mutane shinkafa. Da ta gan ni ta ce, “Mijin Nas, ka tsufa.” Na ce Sista, ke ma ba a jiya aka haife ki ba, me kike yi da ludayi? Ta ce, “To ai gara ni, na wanke hannu.”

Aka zo kan tarihinki. Wata ta tashi ta karanta daga ɗan littafin da suka buga. Wai marigayiya mace ce mai sanyin murya, ba a jin maganarta. Ke, Saude! Ke da in kina kiran yara cin abinci na layin baya ma sai sun zo. Wai mai son zaman gida ce. Wai ta yi hidima a fannin kula da lafiya. Babu fo, babu amai, babu baranda, babu ƙafar da ta ruɓe. An wanke aikinki tas, an shanya, har ba a gane na waye. Na zauna ina jin labarin wata baiwar Allah da ban taɓa aure ba.

Sannan aka kira ni gaban babban tebur in yaye ƙyallen da aka rufe hotonki da shi. Na taka da gwiwar nan tawa, ana tafi, na ja ƙyalle.

Wani firam ne ƙato mai ruwan zinare, a tsakiyarsa ɗan hotonki. Ba sabo aka ɗauka ba. Namu ne, na gane shi da ɓallin kusurwar nan da ya samu ranar da muka tare. Sun kai wa mai zana 'yan takara, shi kuma ya hau kansa da fenti. Ya zuba miki wani koren mayafi tun daga ka har ƙasa. Babu hula, babu agogo, babu hannuwa. Fuskar ma ya shafe ta da fari, ya ja miki baki ya yi murmushin da mai hoto ya nema ya rasa. Kin fito sak matar wani shugaban ƙaramar hukuma.

Ban san lasifika na kusa da bakina ba na ce, “Wace ce wannan?” Ɗaki ya kwashe da dariya, an san ni da barkwanci. Ni kuwa ba wasa nake ba.

Balaraba ta matso tana magana ƙasa-ƙasa, murmushinta na kallon jama'a. “Malam Isa, ka san zamani. Ga Alhaji, ga malamai, ga manyan baƙi. Ba za mu ɗaga hoton mace hannu a waje ba. Sutura muka yi mata.”

Na ce, “Hajiya, sutura mun yi mata shekara uku da suka wuce. Farin likkafani ne, ni na yanka shi da almakashina. Ba ki zo ba shi ya sa ba ki gani ba.”

Kada masu karatu su juya min magana. Ni ban ƙi mayafi ba, ke ma ba ki ƙi ba. Da shi kike fita, a ƙofar ɗakin majinyata kike naɗe shi, kuma da aka kawo wando da ƙaramin hijabi a aikin ke ce kika fara kawo min yadi in ɗinka. Da sun ce hoton bai dace da taronsu ba, sai su bar min abina a ƙusa. Abin da ya tayar min da zuciya, waɗanda suka gudu daga wari su ne yau ke jin ƙyamar hannun da ya tsaya ya kwashe. Irin ta maƙwabtanmu ce dai, ta akuya da kwano, sai dai wannan ta sa leshi.

Na juya firam ɗin, na tanƙware 'yan ƙusoshin baya da farce, na zare ki. Na ce firam naku ne, matar tawa ce. Ban tsaya shinkafa ba. Na ji ana cewa a ba shi roba, ban waiwaya ba.

A bakin titi ne ƙarfin ya ƙare. Da wace fuska zan shiga gida? Yarinya ta ce kar in bayar, na yi mata wa'azin manyan mutane. Ina tsaye sai ga Rifkatu ta biyo ni, ta ajiye musu ludayinsu. Ta karɓi hoton ta karkata shi a rana, ta kankara gefe da farce, ta shinshina. Ta ce, “Mu je gida. Akwatin Saude na nan?” Na ce yana nan, ba mai taɓa shi.

Rabi na tsakar gida tana tsince shinkafa. Na miƙa mata hoton. Ta duba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ma ta faɗa da na ji sauƙi. Irin kallon nan naki ta yi min, na mai hoto.

Rifkatu ta ce, “'Yata, ɗauko akwatin mamanki. Idona ya yi rauni, ke za ki yi.”

Aka shimfiɗa ki a kan faranti a inuwar ɗaki. Rabi ta wanke hannu har gwiwar hannu, ba wanda ya ce ta yi. Ta tsaga auduga ƙanana, ta jiƙa ɗaya da sifirit, ta gwada a kusurwa. Kore ya biyo auduga. Ni da azarɓaɓi na ce yawwa, dirje shi Auta, ya fita duka. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Ba a dirzawa, Baba.”

Saude, na fita zaure na ɗan yi tari, na dawo.

Daga tsakiya ta fara, tana dangwalawa tana jefar da auduga, tana ɗaukar sabuwa. Rifkatu na riƙe da gefen hoton tana cewa a hankali, bar nan ya sha iska. Abin da ya fara fitowa yatsunki ne. Sai bayan hannu, ɗaya kan ɗaya, yadda kika ajiye su. Sai agogo. Sai bakin aljihu, ɗinkina, kuma ko yanzu na duba ban ga inda ya karkace ba. Da ta zo fuska ta cire murmushin nan na aro, hararar ta dawo daram. Rifkatu ta ce, “Yawwa, ga 'yar banzar nan,” tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Hular ce ba ta dawo ba. Da alama tsininta ya hana mayafin mutumin kwanciya, sai ya kankare ta da reza kafin ya shafa fenti. Da kore ya fita sai farar takarda kawai a saman kanki, kamar tabon ƙuna. Nan kam babu audugar da za ta yi magani. Rabi ta ajiye audugar. Ni na san wannan tabon da hannuna aka yi shi, ko da ba ni na riƙe rezar ba.

Wajen mayar da kaya cikin akwati ne na ga abin da kika naɗe kwalbar sifirit da shi don kada ta fashe. Tsohuwar hularki ce, ta yi ja, ta yi laushi kamar tsumma. Ashe haka kika mayar da aikina, matar nan.

Washegari da hantsi na wanke ta, na dama sitaci, ba gudaji ko ɗaya, na shimfiɗa a bayan farantin nan na tangaran na kai rana. Masu wucewa ta ƙofa na leƙe, wani tsohon abokin shago ya ce, “Mijin Nas, an koma aiki ne?” Na ce ban taɓa yin ritaya ba. Ta bushe ta ɓalle, na naɗe ta na sa fil. Na mayar da hotonki ƙusarsa, na buga wata ƙusar a sama kaɗan, na rataye hular daidai inda tabon yake.

Ta yi miki yawa, ba sai an faɗa ba. Kin zama kamar yaron da ya sa hular babansa. Rabi ta fito za ta tafi, ta tsaya a gabanki ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, sai ta fashe da dariya har ta dafa bango. Sannan ta miƙa hannu ta ɗan karkata hular zuwa hagu, ta ce haka kike sa ta. Ban taɓa gaya mata ba.

Jiya direban Balaraba ya zo da roba biyu da kalanda, wai Hajiya ta ce an manta ba a ba ni ba. Kalandar na shimfiɗa a ƙarƙashin keke tana tare mai. Robobin kuwa na ba gidan baya, su zuba wa akuya ruwa.

Allah Ya jiƙan ki, Saude. Yadda kika rufe bayinSa ranar da ba su iya rufe kansu, Ya rufe ki da rahamarSa. Yadda ba ki ji ƙyamar kowa ba, kada Ya juya miki baya ranar tsayuwa. Ya sa hannuwan nan su yi miki shaida. Ya raya miki Rabi da yayyenta, Ya saka wa Rifkatu da alheri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. In an haɗu, ki harare ni yadda kike so, na ci.

Naki har a sake saduwa,
Isa Tela, Mijin Nas,
Gyadi-Gyadi, Kano.